Lambun da Kaji Suka Riga Ni Girbewa

Tsadar tumatir ta shekarar 2024 ce ta jefa ni cikin wannan wahala. A lokacin ne tsutsar nan da manoman Kura da Kadawa suke kira sharon ta sake faɗa wa gonaki, har ta kai idan maiɗakina ta aiki yaro sayen kayan miya, sai ya dawo da tumatir huɗu a ƙasan leda yana lallaɓa su kamar ƙwai. Na je kasuwar 'Yankaba da kaina don in tabbatar ba yaron ne yake yi mana ƙwange ba, na ji farashin kwando, na dawo gida na ba yaron haƙuri. Tun ranar na ƙudura a raina cewa bazara mai zuwa sai na yi lambu a bayan gida, a ɗan filin da muke shanya da jibge tarkace.

Da ma muna da kaji bakwai da zakara ɗaya waɗanda Hajiya mahaifiyata ta aiko mana daga ƙauye. Ni kuwa malamin lissafi ne, saboda haka na zauna da biro da takarda na zana tsarin da ya burge ni ƙwarai: kaji su ba da kashi, kashin ya zama taki, takin ya fitar da ganye da kayan marmari, mu ci masu kyau, kaji su ci ragowar, su kuma saka mana da ƙwai. Na nuna wa maiɗakina takardar, ta duba ta sama da ƙasa, sannan ta ce, "Malam, tsarin ya yi kyau, amma ka karanta wa kajin sun amince?"

Na fara da gyaran cimar kajin. Kafin in sa hannu, uwargida takan watsa musu tsaki da safe, ta kwaɓa musu dusa da ƙanzo da yamma, sauran kuma su nema da ƙafarsu a tsakar gida, kuma ban taɓa jin wata kaza ta kawo ƙara ba. Sai na karanta a intanet cewa kaza mai ƙwai tana buƙatar abinci kamar giram 110 a rana, na sayo buhun abincin kamfani mai kilo 25, na buga lissafi na ga zai kai mu kwana 28. A rana ta 12 na zura hannu cikin buhun na taɓo ƙasansa. Da na tsananta bincike sai na gano cewa labarin walimar ya karaɗe layinmu, domin kajin maƙwabta suna ketowa ta magudanar ruwa, tantabarun wani yaro suna sauka daga kan katanga, da dare kuma ɓeraye su karɓi aikin. Ƙwan da nake jira ma bai ƙaru ba, saboda kazar gida, ko da naman sa za ka ciyar da ita, idan ta yi ƙwai goma sha wani abu sai ta hau kwanci na kwana 21, ta bar ka da lissafinka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na koma ba su dusa, sai suka zo suka leƙa kwanon, suka ɗaga kai suka dube ni ɗaya bayan ɗaya, suka juya suka tafi. Na ce to, yunwa za ta koya musu ladabi, na rage musu abinci da rabi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan hukunci nawa a ransa, domin a makon ne na fara shuka.

A farkon watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, na ari fartanya na fasa ƙasa, na ja fangali huɗu, na share akurki na kwaso kashin kaji ɗanye na zuba musu ba ƙaƙƙautawa, a tunanina yawan taki shi ne yawan amfani. Na dasa renon tumatir da na sayo, na shuka ƙwayar gwanda a cikin tsofaffin buhunan siminti, na kuma ɗaura yarjejeniya da mai garuwa ya riƙa sauke mini jarka huɗu kullum. Kwana uku kacal tumatirin ya yi ya langaɓe, ganyensa ya ƙone kamar an bi shi da bakin wuta.

Maƙwabcinmu, wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa yana noman rani a fadama, ya shigo ya tsaya a kan fangalin ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, wa ya aike ka?" Ya bayyana mini cewa ɗanyen kashin kaji wuta ne, sai an tara shi ya yi watanni ya ruɓe kafin ya shiga gona, kuma shi tumatir ɗan sanyi ne, ana renonsa ne idan damina ta ja baya don ya yi 'ya'ya da hunturu, amma a tsakiyar bazara ko ya rayu furensa zubewa yake yi. Na ce, "Baba, ai a intanet na ga ana shuka shi a wannan wata." Ya ce wataƙila a ƙasar masu intanet ɗin yanzu ne ƙanƙara take narkewa, amma mu nan ƙasa ce take dahuwa. Ya ba ni shawarar alayyafo da kuɓewa da yakuwa, waɗanda ba sa tsoron rana matuƙar suna shan ruwa.

Na kwashe takin, na jiƙa ƙasa, na cuɗa irin alayyafo da yashi kamar yadda ya koya mini, domin ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, idan ba a cuɗa ba wuri ɗaya take zubewa. Na kewaye lambun da tsohon gidan sauro na ɗaure a jikin kara. A safiya ta biyar na fito na tarar fangalin ya yi kore shar, tsiro siri-siri kamar gashin jariri, kowanne da ganye biyu da ɗigon ruwa a kai. Na durƙusa ina ƙirga su, na kira yara su zo su gani, har na ɗauki hoto na aika wa abokan aiki. Ban lura ba ashe a bayana akwai wasu masu kallo takwas, sun jeru a jikin ragar sun karkata kai, suna leƙe da ido ɗaya.

Ranar Juma'a na sha babbar rigata fara na tafi masallaci. Da na dawo, tun daga zaure na ji zakaran yana irin kiran nan da yake yi wa kaji idan ya tono abin daɗi. Ashe gidan sauron yana da wata huda da ban gani ba, wadda da ma ita ta sa aka daina kwana a cikinsa. Alayyafo babu ko ɗaya, kuɓewar da ta fara fasa ƙasa an tone ta har ƙwayar, wata fingi kuma, wadda ko a ranar lafiya gashinta a birkice yake, ta haƙa rami a tsakiyar fangali mai sanyi ta kwanta tana birgima tana watsa ƙasa da fukafukai, idonta a lumshe. Na yi kukan kura na afka musu, su kuma suka watse ta kowace kusurwa, hannun rigata ya sarƙe a kara, santsin ƙasar da na sayi ruwanta da kuɗina ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin taɓo, hulata kuma ta faɗa bokiti. Maiɗakina ta fito da ludayi a hannu, ta danne dariya iyakar ƙoƙarinta, ta ce, "Sannu Malam. Ai ga shi tsarin ya kankama, lambu ya fara ciyar da kaji, mu ne dai aka tsallake."

Washegari na kama su ɗaya bayan ɗaya na rage musu gashin fukafukai da almakashi, kuma da yake ni mai son daidaito ne, na yanke dama da hagu daidai wa daida. Da la'asar na same su a cikin lambun, sun tsallake ragar ta sama. Baba ya sake zuwa ya ce fiffike ɗaya ake ragewa, don idan kaza ta yunƙura ta karkace ta faɗo, amma wanda ya rage biyu aski kawai ya yi mata.

Da damina ta kankama a watan Yuni na sallami mai garuwa, wanda shi kaɗai ne ya ci ribar lambun, har ya yi mini addu'ar Allah ya kai mu baɗi. Abin da ya yi albarka a gidan shi ne wata kabewa da ba wanda ya shuka ta, ta fito da kanta a wurin wanke-wanke inda uwargida take zubar da ruwa, ta bi katanga ta haye rufin akurki ta yi 'ya'ya biyar manya. Duk ranar da aka yi miyar taushe da ita sai an sanar da ni cewa daga lambun uwargida aka tsinko.

Saura gwanda, wadda guda ɗaya ta tsira saboda na ɗora buhunta a kan tsohon durom kafin in dasa ta. Na yi wata shida ina tarairayarta, ta yi tsawo har ta wuce ni, ta fitar da furanni masu yawa suna reto a kan dogayen sillaye. Na ruga na kirawo Baba don ya ga cewa ni ma na iya wani abu. Ya ɗaga kai ya duba, ya yi gyaran murya, ya ce wannan namiji ne, ba zai taɓa yin ɗa ko ɗaya ba. Na juya zan ɗauko adda, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Haba ɗana, kada ka sare shi, ai tawa da ke bayan katangar nan mace ce, kuma da ma irinsa take nema."