Ɗan Tsegumi a Damtsen Alhaji

Wanzami: Alhaji, wannan farin maɓalli a damtsenka fa? Layar zamani ce?

Alhaji: Ina laya! Ɗan tsegumi ne likita ya manna mini, FreeStyle Libre. Wani siririn tsinke gare shi, kamar milimita 5, yana kwance cikin fata yana auna sukari dare da rana. Sai ya kwana 14 ake canja shi.

Wanzami: To jinin ta ina yake fita?

Alhaji: Babu ruwansa da jini. Ruwan da ke ƙarƙashin fata yake ɗanɗana.

Wanzami: Aikin banza ke nan! Juyo bayanka in kafa maka ƙaho biyu, ka ga sukari ya fito baƙi ƙirin.

Alhaji: Rufa mini asiri, mai ciwon sukari ba ya wasa da rauni. Kai dai miƙo mini alkakin can.

Wanzami: Ɗan tsegumin fa, ranka ya daɗe?

Alhaji: Na karance shi tsaf. Sai sukari ya hau a jini da kamar minti 10 labari ke isa gare shi. Kafin nan na kurkure baki.

(Alhaji ya lamushe uku. Can sai waya ta yi ƙara.)

Hajiya: Alhaji, kana ina?

Alhaji: Ga ni a... ƙofar masallaci.

Hajiya: Masallacin da ake rabon alkaki? Ga kibiyar sukarinka nan a wayata ta miƙe tsaye!

Alhaji: Hajiya, ba na jin ki... wato, sabis ya ɗauke.

Wanzami: Af, har ita take gani?

Alhaji: Yara suka haɗa shi da wayarta. Kuma wannan somin-taɓi ne. A 2022 masana a San Diego ta Amurka sun gwada wani mai ƙananan allurai, ko milimita ɗaya ba su kai ba. Sukari yake aunawa, har da barasa.

Wanzami: Barasa? Tabɗi! Ranar da ya shigo gari, wasu masu manyan riguna sai hijira.

Alhaji: Matso kusa. Nawa zan ba ka in manna maka na gaba a damtsenka?

Wanzami: Ni da nake dama fura da sukari cokali biyar? Ai kafin azahar Hajiya ta turo maka motar asibiti.