Baƙo da takarda, ɗan gida da baki

Wai yau kuma jami'an shige da fice wani mawaƙin Jos zai kira wa yaron nan, mawaƙi ɗan Nijar da ke zaune a garin. Jiya an ce Hausarsa ta Damagaram ce, shekaranjiya an ce yana cusa Faransanci a baiti. To madalla. Ban kira sunan kowa ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Tunda takarda ake so, a yi maganar takarda. Nijar ta fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, haka ne, amma ƙungiyar da kanta ta ce a ci gaba da karɓar fasfon 'yan ƙasar, su shigo su zauna kamar da, sai an ji wata sanarwa. Yaro yana da fasfonsa da katin zamansa. A kira su, shayi za su sha su tafi.

Saura takardun waƙa, inda gizo ke saƙar. Baƙon nan ba ya barin situdiyo sai an cike takardar rabo: wa ya rubuta baiti, wa ya kawo amshi, wa ya haɗa kiɗa, kashi nawa na kowa cikin ɗari, kowa ya sa hannu. Kiɗansa sayen mallaka yake yi, ya karɓi WAV, wato fayil ɗin sauti mai cikakken inganci, da sautin kowane kayan kiɗa daban. Kowace waƙa da lambar shaidarta ta duniya, wato ISRC, kuma ya yi rajista da MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙin mallaka a Najeriya. Wani kuwa, Oga guda, hayar kiɗa ya yi a intanet, MP3 ɗin da aka ba mutum hamsin, ya ɗora a YouTube, washegari Content ID, tsarin YouTube mai gano kiɗan da ke da mai shi, ya damƙe waƙar, kuɗin talla na tafiya aljihun mai kiɗa. Sai ya fito yana cewa an yi masa asiri. Ba asiri ba ne, yarjejeniya ce ba a karanta ba. Baƙo da takarda, ɗan gida da baki.

Kuma don Allah a daina ɗora wa injiniya laifi. In ka manna baki a makirfo kana ihu har mita ta yi ja, muryar ta riga ta fashe, babu mikisin, wato haɗa sauti, da zai ɗinke ta. Tazarar taƙi ɗaya ake bari, a ɗauka kada ƙarfin muryar ya haura -6 dB a mita. Auto-Tune kuma, manhajar daidaita murya, sai an saita shi da ma'aunin kiɗan, in ba haka ba ya ja muryarka gefe kamar akuya a igiya. Kowa a Jos daga Bauchi Road har Anguwan Rogo ya ji wannan akuyar a waƙar Oga.

Ga sayen masu sauraro na bogi. Spotify, manhajar sauraron waƙa, tun 2024 ba ya biyan sisi a waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, shi ya sa wasu ke saye, in an gano kuma kamfanin rarrabawa ya sauke waƙar. Ina waƙar Oga ta azumi ta shiga? Mu dai mun ga ta ɓace.

Kai, abin ma da ciwo wallahi. A Jos, garin da kalmar "baƙo" ta sa aka zubar da jini, kai Bahaushe ka buɗe baki ka jefi wani da ita? Ba ka ji kunya ba? Yaron nan ba ɗan uwana ba ne, ba ya ba ni ko kwabo, kada gobe a ce sayena aka yi. Amma yaron da ya iso garin nan da jaka ɗaya, yana kwana a benci a situdiyo, shi ya rubuta maka amshin da har yau kake ci da shi a wajen biki, ka sallame shi da kuɗin mota.

Baƙo da takarda, ɗan gida da baki. Littafin da ya rubuta amshin nan yana nan da kwanan wata, da saƙon murya na WhatsApp da aka tura masa ƙarfe 2 na dare ana cewa "ƙanina, taimaka min da amshi". Bai goge ba.