Jirgin da ya fasa sauka a Ikeja, ba tsoro direban ya ji ba

Ranar nan muna zaune wajen mai shayi a Agege, hadari ya taso daga gabas, sai ga wani ɗan ƙaramin jirgi yana gangarowa zai sauka Ikeja, hancinsa a karkace kamar tafiyar ƙaguwa. Can sai muka ji inji ya ƙara kuka, ya sake hayewa sama. Wani dattijo yace "wannan ai ɗan koyo ne", kowa ya kwashe da dariya. Ni kuwa nace Baba wallahi a cikin direbobin jirgi irin wannan nake so ya ɗauke ni.

Kaga filin jirgin Murtala da ke Ikeja titinsa biyu ne, 18L da 18R, duka sun miƙe ne arewa zuwa kudu. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta kuwa daga gabas yake zuwa mana, to iskarsa a haƙarƙari take dukan jirgi, kuma babu titi na uku da zaka ce bari in juya in fuskance ta. Babban jirgi yana da nauyin da zai jure. Amma ɗauki ƙaramin jirgi irin Cessna 172, da mutanensa da mansa da komai tan 1 ne da ɗan ɗoriya, danfo ma ta fi shi nauyi, kuma iskar gefe mafi ƙarfi da kamfanin ya rubuta cewa an gwada shi da ita not 15 ce, wato kusan kilomita 28 a awa. Iskar da take yaye rumfar 'yan tumatur a Mile 12 ta wuce haka nesa ba kusa ba.

Kuma iska mai tafiya bai ɗaya ba ita ce matsalar ba sosai, wannan ana koyar da ita tun a makaranta irin ta Zariya, ka karkata hanci wajen iskar kana gangarowa, dab da ƙasa ka taka feda ka miƙar da hancin, ka sauke fiffiken ɓangaren da iskar take, tayar wannan gefen ta fara taɓa kwalta. Wadda take cin mutane ita ce mai bugowa ta lafa ta sake bugowa. Hasumiyar filin jirgi tace maka iska not 12 ce tana haurawa 22, ka gyara jirgi daidai da 22 sai ta ɗauke, jirgi ya zube kamar an sake shi, ko ka gyara daidai da 12 ta maka mari ta tura ka cikin ciyawa. Shi yasa ake ƙara rabin bambancin akan gudun sauka, anan not 5 kenan, amma in ka zarce da ƙarin kuma jirgi ya dinga shawagi akan titi ya ƙi zama, titin na ƙarewa.

Abun da yafi bani mamaki, da yawan haɗarin bayan taya ta taɓa ƙasa yake faruwa. Direba yace alhamdulillah ya saki jiki ya maida sitiyari tsakiya, alhali lokacin ne ya kamata ya ƙara murɗa shi wajen iskar, don gudu na raguwa ikonsa akan jirgin na raguwa, iska ta daki jela hanci ya juyo, fiffike ya ɗaga, ɗayan ya goga ƙasa, farfela ta ci kwalta.

To mutum ya ga lissafi bai zauna ba ya bada wuta ya koma sama, mu kuma muce bai iya ba?? Mun manta haɗarin jirgin Sosoliso a Fatakwal, 10 ga Disamba 2005, mutum 108 suka rasu, ciki da 'yan makaranta da yawa. Babban jirgi ne kuma ba iskar gefe kaɗai bace, amma binciken ya nuna an ci gaba da gangarowa cikin mummunan yanayi ba'a ganin titi, aka makara wajen fasa saukar.

Na san me za'a ce, mai yana da tsada, kuma in kowa zai gudu daga iska yaushe zai ƙware. Gaskiya ne, sai dai ƙwarewar da malami a gefe ake nemanta, ba da matar mutane da 'ya'yansu a kujerar baya ba. Kuma man zagaye ɗaya nawa yake in an haɗa da farfela da injin da dole a kwance a duba.

Laifin namu ma akwai, musamman Alhazai masu shatar jirgi. Oga na baya yana duba agogo, ɗaurin aure ƙarfe biyu a Kano, yaron da ke tuƙi kuwa albashinsa yake tunani, ya zai yi yace ranka ya daɗe sai mun jira hadarin nan ya wuce? Hukumar hasashen yanayi NiMet ta bada rahoto, hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA ta kafa doka, amma babu ɗayansu da ke zaune a cikin jirgin lokacin da Alhaji ya tsuke fuska.

Jirgin nan dai bayan kamar minti ashirin ruwa ya tsagaita muka gan shi ya dawo ya wuce ta kanmu salun alun. Baba ya kurɓi shayinsa yace "to ai yanzu ko ni sai in sauke shi".