Ƙarfe ko Fata? Gardama a Rumfar Mai Caji

Ranar kasuwa ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Ɗanboko ya zo hutu, ya jona wayarsa a rumfar mai caji yana buga wasan nan da ake tara runduna a yaƙi dodanni. Sarkin Ƙira da Baduku suna kan benci suna jiran nasu wayoyin su cika. Ɗantauri yana tsaye da wuƙaƙe a ƙugu, ba wanda ya gayyace shi.

SARKIN ƘIRA: Kai ɗan nan, tun ɗazu kake tsaki. Jarrabawa ka faɗi?

ƊANBOKO: A'a Baba, yaƙi zan fita. Zinariyar da na tara ba za ta sayi kayan kariya iri biyu ba. Ko in sa wa dakaruna na ƙarfe mai nauyi, ko na fata marar nauyi.

SARKIN ƘIRA: Har wannan abin tambaya ne? Ƙarfe!

BADUKU: Maƙeri ko ciwon kai aka kawo masa, ƙarfe zai rubuta. Yaro, me wayar ta ce a kan fata?

ƊANBOKO: Mai fata yana da sauri, Kawu. Yana zagaye abokan gaba, yana goce wa sara, ga araha. Amma in aka same shi, an gama. Mai ƙarfe kuwa a sare shi bai ji ba, sai dai tafiyarsa kaɗan ce, ga saurin gajiya.

SARKIN ƘIRA: Ai mai rai ne ke gajiya.

BADUKU: Nawa ne nauyin abin?

ƊANBOKO: Na gaske, wanda mahayan Turai suka sa a ƙarni na 15, kilo 20 zuwa 25. Wajen rabin buhun siminti.

BADUKU: To madalla. Ka sa shi a watan Afrilu ka ratsa rairayin Jigawa, mu ga ko kana buƙatar abokin gaba.

SARKIN ƘIRA: Jahilci! Ba a ka ake ɗaukarsa ba, a jiki ake rarraba nauyin. Kuma namu sulken ba faranti ba ne, zobba ne. Kowane zobe ya sarƙe da huɗu, dubbansu, har a sami riga. Takobi ya sauka a kai, sai dai ya zame.

BADUKU: Kulki fa? Zoben na hana ƙashi karyewa?

SARKIN ƘIRA: Wa ya kawo maganar kulki?

ƊANTAURI: Ni da za ku ji tawa...

SARKIN ƘIRA DA BADUKU: Ba mu ji ba.

ƊANBOKO: Akwai ma na ƙyalle, amma shi ne mafi rauni. Bokayen wasan kawai ke sa shi.

BADUKU: Ƙyalle ne mafi rauni? Wanda ya haɗa wasan nan bai taɓa kallon Hawan Daushe ba. Lifidi mene ne? Ƙyalle ne aka cusa wa audugar rimi aka ɗinke, doki ya sa, mahayi ya sa. 'Yan lifida su ne manyan dakaru, su ake sawa gaba. Kibiya mai dafi ta shiga ta maƙale a auduga, ba ta kai ga nama ba. Tun zamanin Sarkin Kano Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka kawo shi.

SARKIN ƘIRA: Ƙarasa mana! Kanajejin nan shi ya kawo sulke da kwalkwalin ƙarfe. Kuma gaya wa yaro abin da ke faruwa in aka harbo wa lifidi kibiyar wuta.

BADUKU: Wa ya kawo maganar wuta?

ƊANBOKO: Ga kuma na gilas.

SARKIN ƘIRA: Na me?

ƊANBOKO: Gilas na tsafi. Sai na ɓawon dodo, wanda ya fi kowanne. Amma sai ka kashe dodon kafin ka samu.

BADUKU: In na iya kashe dodon da 'yar shara, me zan yi da ɓawonsa?

ƊANTAURI: Duk asarar kuɗi kuke yi. Yaro, tura su haka nan. Ni da ka gan ni, ƙarfe ba ya ci na. Nemo inda ake ba su sha.

ƊANBOKO: Babu wannan, Yaya. Bari dai in raba gardama: rabi ƙarfe, rabi fata. Bismillah.

Kawuna huɗu suka haɗu a kan waya, har mai caji ya leƙo.

SARKIN ƘIRA: Ina nawa? Ban gan su ba.

ƊANBOKO: Suna baya, Baba. Fadama ce, sun kafe a taɓo.

BADUKU: Kalli nawa! Har sun isa! Kai, barewa ma... Yaro, me ya sa suke kwanciya?

ƊANBOKO: Maharba ne a kan tudu, Kawu.

BADUKU: Hutawa suke yi.

SARKIN ƘIRA: Ga nawa sun fito! Ka ga kibau na tsalle a jikinsu? Ƙarfe ke nan! Waccan inuwar fa, hadari ne?

ƊANBOKO: Dodon ne. Wuta yake fesawa.

SARKIN ƘIRA: Me ya sa suka yi ja?

BADUKU: Kai ne maƙeri, kai za ka gaya mana.

ƊANBOKO: An cinye mu. Saura zinariya kaɗan, ta mutum ɗaya ba kaya. Yaya, in sa masa sunanka ya fita?

ƊANTAURI: Tsaya tukuna. Dodon nan wuƙa yake riƙewa?

ƊANBOKO: A'a.

ƊANTAURI: Mashi? Gatari? Ko 'yar aska?

ƊANBOKO: Wuta zalla.

ƊANTAURI: To sa sunan mai caji. Ni nawa maganin na ƙarfe ne.