Koren lesa da hasken da ido ba ya gani

Duk wanda ya kalli wasan Senegal da Masar a watan Maris na 2022 zai tuna yadda 'yan kallo suka dallare fuskar Mohamed Salah da koren haske lokacin bugun fenariti. An yi ta maganar rashin adalci, har FIFA ta ci Senegal tara. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Irin wannan ƙaramar lesa, wadda yara ke wasa da ita, masu sha'awar taurari ke nuna sama da ita, sau da yawa tana fitar da wani haske ɓoyayye da ake kira infurared.

Dalilin yana cikin ƙirarta. Yawancin masu kore ba da kore suke farawa ba. Da infurared mai nanomita 808 ake farawa (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda shi ke bambanta launuka), wani lu'ulu'u ya mai da shi 1064, wani kuma ya mai da shi 532, wato koren da muke gani. Ba dukansa ke juyewa ba, don haka ake sa matata a bakinta ta tare ragowar. Masu neman rage kuɗin ƙira sukan bar matatar. A 2013 cibiyar NIST ta Amurka, mai kula da ma'auni, ta auna lesa 122, ta samu kusan kashi 90 cikin 100 na masu kore sun saɓa wa ƙa'ida, a ƙasar da iyakar ƙarfin irin wannan lesa miliwat 5 ne.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan bai sani ba. Idan haske mai ƙarfi ya faɗa maka, kana ƙiftawa cikin kusan rubu'in daƙiƙa. Infurared kuwa ba ya sa ka ƙifta, alhali yana ratsawa har tantanin bayan ido, idon da kansa ya tattara shi wuri guda kamar gilashin da ke ƙona takarda a rana. Ba lalle ka ji zafi ba. Sai dai ka tarar da tabo a tsakiyar ganinka, wanda yakan zauna har abada.

Abin da ya fi damuna shi ne dushewar kore ba ta nufin lafiya. Sanyi kan raunana koren, mutum ya ɗauka batir ne ya yi rauni, ya leƙa bakin lesar, ga infurared na fita. Haka tabarau na kariya: wanda aka yi don kore kaɗai zai iya ɗauke koren ya bar infurared ya wuce, mai shi kuwa ya saki jiki.

Wani zai ce ai ƙarfinta a rubuce yake a jiki. Rubutun ne fa awon ya ƙaryata. Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar nauyin a kan mai saye kaɗai ba. Hukumomin ingancin kaya, irin SON a Najeriya, su riƙa auna abin da ake shigowa da shi. Mai buƙata ta gaske ya nemi lesa mai nanomita 520, wadda ke fitar da kore kai tsaye, ko da yake ita ma ba a haska ta a ido. Wadda ke hannun yaro kuwa, a karɓe ta yau.