Sulhun da aka ƙulla a kan wuyan baƙar fata

A makon jiya na kalli The Birth of a Nation, fim marar magana mai tsawon kusan awa 3 da D. W. Griffith ya fitar a 1915, shekara 50 bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka, ƙasar da nake zaune a cikinta yanzu. Akwai wata fitowa a ciki da ta tsaya mini a rai. Ben Cameron, sojan Kudancin Amurka da Arewaci ya ci su da yaƙi, ya dawo gida a rame, ƙanwarsa Flora kuwa ta manna auduga a jikin tsohuwar rigarta don ta yi masa kwalliyar taryar baƙo, tunda talauci bai bar musu komai ba. Suka tsaya a bakin ƙofa suna kallon juna cikin jin nauyi, sannan hannun mahaifiyarsu ya miƙo daga ciki ya jawo shi, ba tare da an nuna fuskarta ba. Ban ɓoye ba, idona ya kawo ruwa.

Sai dai abin da ya biyo baya ya sa na ji kunyar hawayen nan. Fim ɗin ya daidaita iyalin Cameron na Kudu da iyalin Stoneman na Arewa har da aure biyu a tsakaninsu, amma abin da ya haɗa kansu shi ne ƙiyayyar bayin da aka 'yanta, waɗanda aka nuna a matsayin mutanen banza masu farautar matan Turawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fito a matsayinsu a fim ɗin Turawa ne aka shafa wa baƙi a fuska. 'Yan ƙungiyar Ku Klux Klan, ta Turawa masu tsanar baƙar fata, su ne jaruman da suka zo ceto bisa dawakai. An nuna fim ɗin a fadar shugaban ƙasa Woodrow Wilson, kuma a shekarar 1915 ɗin aka farfaɗo da ƙungiyar a jihar Jojiya, duk da zanga-zangar da baƙar fata suka yi a birane irin su Boston.

Dole tunanina ya koma gida. Namu yaƙin basasar na Najeriya ya ƙare a Janairun 1970, Janar Yakubu Gowon ya ce babu mai nasara kuma babu wanda aka ci da yaƙi, kuma na taso ina jin manya suna ba da labarin Inyamuran da suka dawo Sabon Garin Kano suka tarar maƙwabta sun riƙe musu gidajensu amana. Ina alfahari da wannan labari, kuma a ganina sulhunmu ya fi nasu tsabta, domin ba a gina shi a kan tsanar wata al'umma ta uku ba. Amma mu shiru muka zaɓa. Sai da na bar gida na karanta dalla-dalla kisan da aka yi wa Inyamurai a garuruwan Arewa a 1966, da wanda sojojin tarayya suka yi a Asaba a Oktoban 1967, da fam 20 kacal da aka ba mutanen Biyafara a madadin kuɗinsu bayan yaƙi.

Su Amurkawa, ƙaryar da suka ɗauka a fim ta samu masu mayar mata da martani, domin a 1920 Oscar Micheaux, baƙar fata, ya fitar da nasa fim da ke nuna yadda ake rataye mutanensa. Mu kuwa da aka yi fim ɗin Half of a Yellow Sun a kan yaƙin Biyafara, sai da hukumar tace finafinai ta riƙe shi na watanni a 2014 kafin ta bari a nuna shi a Najeriya.