Su Ma Tasbihi Suke Yi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Duk wanda ya ratsa wajen masu kayan mata a kasuwannin Sakkwato ya san man ayu, a 'yar kwalba, mai shi yana rantsuwa cewa na gaske ne. To in na gasken ne, an kashe ayu ke nan. Dabba ce mai shayarwa da ke zaune a Kogin Kwara da Binuwai, ciyawar ruwa take ci, ba ta cizo ba ta harbi. Sai ta yi kusan shekara da ciki kafin ta haifi ɗa ɗaya tal. Ga ragar masunta, ga madatsun ruwa irin na Kainji da suka tare mata hanya, ga mu masu saye. Tun 2013 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ta hana fataucinta tsakanin ƙasashe, don ta yi ƙaranci.

Can kuma a dazuzzukan sanyi na Kanada da Norwe akwai wani ɗan tsiro mai kama da busasshiyar gansakuka, manne a jikin itace, masana na kiransa Erioderma pedicellatum. Halittu biyu ne Allah Ya haɗa a jiki ɗaya: ɗaya ta zama gida, ɗaya tana haɗa abinci da hasken rana. Ba a cinsa, ba a sayar da shi. Gurɓatar iska da sare itatuwa ne suka kusa ƙarar da shi, har ya fi ayu shiga haɗari.

Ayu kwaɗayinmu ke kashe ta, shi kuwa sakaci. Wallahi na biyun ya fi ba ni tsoro, don ɓarnar da ba ka san kana yi ba yaushe za ka tuba daga gare ta?

A Suratul Isra'i, aya ta 44, Allah Ya ce babu wani abu face yana tasbihi da gode Masa, sai dai ba mu fahimtar tasbihinsu. Bai ware manya ba, bai ware masu kawo kuɗi ba. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu.

Wani zai ce ai a mazhabarmu ta Malikiyya naman ruwa halal ne. Gaskiya ne. Amma halacci ba izinin ƙarar da iri ba ne. Hajiya, Alhaji, in aka miƙo muku kwalbar nan, ku mayar da kuɗinku aljihu.